Mai Laƙanta wa Matan Likoro

A Likoro, idan mace ta kai gargara, Inna Azumi ake aikawa a kira. Takan zauna wajen kan mara lafiya, ta ɗiga mata ruwa a baki, ta yi ta laƙanta mata kalmar shahada har rai ya yi halinsa, sannan ta yi mata wanka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kuwa ko ɗaya bai tsaya ba. Ana girmama ta, amma ba a cika zuwa ɗakinta hira ba.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan, maƙoƙon wuyanta ya girma har numfashi ya soma gagararta. Likita a Zariya ya sa mata ranar aikin tiyata, sai ranar ta faɗo tsakiyar yankan dawa.

Ba wuƙar ce ta dame ta ba. An ce mata sai an shaƙa wa mutum wani abu ya fita hayyacinsa, wani ya farka, wani shi ke nan, kuma ba a barin ɗan'uwa ya shiga. To ita wa zai laƙanta mata? Tuwo ya daina shiga. Ta bi gidajen da ta yi wa hidima tana neman mai raka ta, kowa sai ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Inna, kin ga dawa ba ta jira." Ta ƙunshe likkafaninta, ta je Hunkuyi ta shiga motar Zariya ita kaɗai.

Da safen aikin, nas Talatu, 'yar kudancin Zariya, ta same ta tana makyarkyata.

"Inna, wannan rawar jiki fa? Ko amarya albarka!"

"'Yar nan, kin iya shahada?"

"Ni coci nake zuwa, Inna. Bakina ba zai faɗa ba."

Inna ta mayar da fuska bango.

"Amma ina da kunne," in ji Talatu. "In za a shaƙa musu maganin barci, wasu ƙirge muke sa su yi. Ke ki faɗi taki, in riƙe miki hannu."

Haka aka yi. Da ta farka, wuya a naɗe, murya babu, sai ta kafe Talatu da ido.

"Kin ƙarasa, Inna. Har kin soma ta biyu."

Ta koma Likoro, ta mayar da likkafanin ƙasan adaka. Muryarta ba ta sake fita sosai ba, don haka sai ta kai bakinta dab da kunnen mara lafiya. Tun daga lokacin kuma takan riƙe hannu, abin da a da ba ta yi.