Kawu da Shagon Auta

Kawuna, yayan mahaifiyata, gyaran keken ɗinki yake yi. A unguwarmu ba mai kiransa da sunansa, sai dai Mai Keke. Wurin aikinsa wani ɗaki ne a bakin ƙofar gida, mai taga ɗaya, kullum cikin warin man keke. Kawunan kekuna na jere a kan katako, kowanne da ƙyallen da mai shi ya ɗaura masa don kada a musanya. Bahago ne, shi ya sa fitilar aikinsa take ta hannun dama, don kada hannunsa ya yi masa inuwa.

Kowa ya san Kawu ba ya shiga cinkoso. Mahaifiyata ta ce tun yana saurayi abin ya same shi, wata rana a tashar mota jama'a suka matse shi da ƙofar ƙarfe har haƙarƙarinsa ya tsage. Ƙashin ya warke, amma daga nan in ya ga mutane sun yi yawa sai gumi ya karyo masa, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Shi dai ba ya ba da wannan labarin. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni mutane ɗai-ɗai nake so, ba a dunƙule ba."

Wuraren sayayyarsa ba su da yawa, kuma duk da ƙafa yake zuwa, da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta titi ya yi shiru. Akwai wata tsohuwa da ke sayar da sabulu da sukari da ganyen shayi ta tagar ɗakinta. Akwai Dogo mai yadi, wanda ya san kalar da Kawu ke sawa, ba ya ma wahalar da kansa wajen nuna masa wata. Amma wanda ya fi so shi ne Kurma, mai ɗan shagon kayan keke a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene. Kurma ba ya ji sosai, Kawu kuma ba ya son surutu, sai suka dace. Ya nuna allura ko bel da yatsa, Kurma ya miƙo, su zauna a kan benci suna kallon titi. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, takan ce abotarsu ta daɗe ne don ba wanda ya taɓa jin abin da ɗayan ya faɗa.

'Ya'yansa duk sun kama wasu hanyoyin, sai Auta kaɗai ta taso a ɗakin aikin. Tun tana ƙarama take riƙe masa fitila, ta san lambar kowace allura, ta san ƙarar keken da bel ɗinsa ya saki. Da ta yi aure, mijinta ya taimaka mata ta kama shago a sabon benen babbar kasuwa, a hawa na sama. Zare, maɓalli, zik, almakashi, allurai, man keke, duk abin da tela ke nema.

Ranar buɗewa Kawu ya yi wanka, ya sa sabbin kaya, ni na ɗauke shi a babur. Muna isa ƙofar kasuwa ya ga masu baro da masu dako da 'yan babur sun cakuɗe, kowa na tura kowa. Na ji hannunsa ya damƙe mini kafaɗa.

"Juya," ya ce.

"Kawu, ga benen can fa, ana hango shi."

"Na gan shi. Juya."

Da yamma Auta ta zo gida, ya ce mata cikinsa ne ya murɗa. Ta dube shi, ta dube ni.

Ba ta haƙura ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta kawo maganar. Wata rana ina nan ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, ba sayayya nake so ka yi ba. Rana ɗaya a mako ka zo ka zauna. In teloli suka ji Mai Keke yana shagon, za su hauro da kekunansu, su sayi zare su sayi allura. Na yi maka wuri."

"Ai suna samuna a nan."

"Ni ce ba sa samu, Baba. Ba mai son hawa matakala."

Ya ce zai duba ranar da kasuwa ba ta cika ba. Inna daga tsakar gida ta ce to sai dai ya jira a tashi kasuwar gaba ɗaya.

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo shi ne bai daina sayen kaya wurin Kurma ba. Ta ce za ta riƙa kawo masa har gida, ya ce in ya bar Kurma wa zai je masa. Gaskiya ya faɗa, don Kurma ba shi da ciniki sosai. Amma teloli sun lura. Wani ya taɓa ce mata cikin wasa, "Ke kayanki masu kyau ne kuwa? Na ga babanki ma wani wurin yake saye." Ta yi dariya a gabansa, ta zo ta yi kuka a ɗakin Inna.

Shagon ya yi kamar shekara biyu yana ɗingishi. Aka buɗe wani babba a ƙasa, dab da ƙofa, aka kuma ƙara kuɗin haya. Ana cikin haka aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ta yanke shawarar rufewa ta bi shi.

Ranar da za ta kwashe kaya aka wayi gari da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye da lema. Kasuwar duk ta watse, masu tebur sun lulluɓe kayansu da leda sun fake. Muka ratsa ta cikin taɓo ba wanda ya gogi jikinsa, ya hau matakalar yana dafa bango.

Auta na durƙushe tana cusa zare a kwali. Ta ɗago ta gan shi a ƙofa, rigarsa jiƙe har gwiwa.

"Baba, a ruwan nan?"

Ya tsaya yana kallon shagon. Ta jera shi ne irin jerin ɗakinsa, allurai daga ƙanana zuwa manya, bel rataye a ƙusa. A can kusurwa, inda ba a ganin masu wucewa, ga teburin aiki da kujera mai majingina, da labule da za a iya ja a rufe wurin. Fitila na maƙale ta hannun dama. Teburin ko ɗigon mai babu a kansa.

"Wannan fa?" ya tambaya.

"Naka ne. Na sa labulen ne don kada hayaniya ta dame ka."

Ya ja kujerar ya zauna, ya shafa saman teburin da tafin hannu. Ya kunna fitilar, ya kashe.

"Ai nan shiru ne," ya ce. "Ban san nan sama shiru ne haka ba."

"Shirun ne ya kore ni, Baba."

Ya dubi labulen. Can ya ce, "Da na riƙa zuwa da sassafe kafin a buɗe ƙofa." Auta ta ce komai ya wuce, ta miƙa masa kwali ya riƙe mata. Haka suka yi ta aiki har ruwa ya ɗauke, yana naɗe bel tana jerawa. Da mutane suka fara fitowa, ita da kanta ta ce in mayar da shi gida kafin hanya ta cika.

Bayan tafiyarta ta ce a kai masa teburin, ya ce a ba wani telan da ke buƙata. Auta ba ta sake buɗe shago ba, ɗinki take yi a gida, tana kiransa a waya in kekenta ya ƙi. Nakan ji shi yana cewa ta kara wayar a jikin keken ta taka ya ji, su daɗe suna gardama a kan ƙarar.

Bara Kurma ya rasu, 'ya'yansa suka mayar da shagon wurin cajin waya. Idon Kawu ma ya fara rauni, yanzu ni nake shiga babbar kasuwa in sayo masa kayan aiki, a babban shagon nan na ƙasa. Kwanan baya da na kai masa allurai ya tambaye ni ko an kama shagon saman. Na ce an kama, takalman yara ake sayarwa.

"Mutane na hawa?"

Na ce suna hawa, ba laifi.

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga allura ɗaya saitin taga yana neman kafarta, ya kasa gani. Ya miƙo mini ita da zaren ya ce in zura masa.