Tef ɗin ɗinkina a ɗakin haihuwa

Muna sallame sallar asuba muka bar Maiduguri, ni da goggonmu, a gaban wata babbar mota mai jikin katako. Saƙo ne ya zo daga Jimeta cewa cikin ƙanwata ya tsufa, kuma likita ya ce sai an yi mata aiki. Ni mai ɗinki ce, tef ɗin awona ba ya barin wuyana. Tun daga tasha Goggo take min tsiya, wai haihuwa za mu ko ɗinkin sallah?

Hanyar Biu ta girgiza mu har hanji. A Song muka sha kindirmon da ban taɓa shan irinsa ba. Da na miƙa sababbin kwabban nan, mai nonon ta juya su, ta ce ita sule ta sani. Da la'asar jirgin fito ya ƙetare Binuwai da mu, Goggo ta runtse ido tana salati har gaɓa.

A unguwar Dubeli ta Jimeta aka ce tun azahar aka wuce da ƙanwata asibitin Yola. Muka same ta kwance, naƙuda ta hana ta miƙewa. Ƙanwata gajeriya ce, cikin kuwa kamar tulu. Mai allurar kashe zafi ya yi mana bayani: a gadon baya zai yi, kuma maganin hawa yake yi. Ga gajeriya mai babban ciki, abin da zai ishi doguwa yana iya kaiwa ƙirji ya danne numfashi. In kuma ya rage da yawa, za ta ji wuƙa. Sai ya san tsawonta, ga ma'auninsu a jikin bango, ita ko ba ta iya tsayuwa.

Sai wata nas ta kalli wuyana.

"Adda, kawo wannan abu naki. Auna ta a kwance."

Na auna ta daga ka zuwa diddige, sannan kewayen ciki. Sau biyu na yi, yadda nake yi wa yadi mai tsada. Mutumin ya rubuta, ya rage maganin, aka shige da ita.

Ba a kira magariba ba muka ji kukan jariri. Mace ce, uwar kuma idonta biyu, har tana tambaya ko mun taho mata da turaren wuta. Na yi kuka, na yi dariya, ban ji kunyar kowa ba.

Bayan suna muka juyo gida da bandar kifi cike da kwando. Na koyi cewa likita ma sai ya auna kafin ya yanka, kamar mu. Da muka hau jirgin fito, tef ɗin ya zame daga wuyana. Goggo ce ta cafke shi, ta naɗe, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Ke ba ki san darajarsa ba," in ji ta.