Ɗan Takarar da Ba Ya Roƙon Komai Sai Ruwa

Ƙanshin kajiji ne ya dawo mini da abin. Jiya na shiga gaisuwa gidan wata tsohuwa a cikin Haɗeja, ta miƙo mini ruwan randa a moɗa, ina kai shi baki sai hannuna ya tsaya. Ta zaci ƙyama nake yi, har ta ce randar wankakkiya ce. Ba ƙyama ba ce. Shekarar da Babanmu ya nemi kansila ce ta faɗo mini, da mutumin da ya kusa kayar da shi ba tare da ya manna ko fosta ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana cikin fadama, ta hanyar Guri. Da damina ruwa yakan zagaye mu har sai da kwale-kwale ake fita, da bazara kuma kogin ya janye ya bar yashi da kachala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Wuri ɗaya ne ba ya ƙafewa, wani gurbi mai zurfi a bayan gari, ruwansa baƙi wuluk ko da rana tsaka. Ba a barin yara su je can. A cikinsa ƙanin Baba ya nutse tun suna yara, kuma ba a ga gawarsa ba. Su biyu suka shiga wanka ranar, shi da abokinsa. Bayan an fid da rai aka tsinci abokin a cikin kachala, da ransa, ba ya magana. Da bakinsa ya buɗe bai taɓa faɗin inda ya kwana ba. A gidanmu ba a tayar da wannan zance, domin Iya, kakarmu, tana nan da ranta.

Wannan abokin ne ya girma ya fito takara da Baba, a wata 'yar jam'iyya da ko ofis ba ta da shi a garinmu.

Baba ya yi duk abin da ake yi. Akwai makaɗa, akwai lasifika a kan a-kori-kura, akwai sabulu da gishiri ga mata. Kawu, wan mahaifiyata, shi ne shugaban yaƙin neman zaɓe, mutum mai murya kamar ganga da son a ce shi ya kawo dabara. Da farko dariya suka yi wa abokin takarar, don bai yi taro ba, bai yi alkawari ba, ko ƙuri'a bai roƙa ba.

Ga abin da yake yi. Da rana ta take, lokacin da ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, sai a ji sallama a ƙofar gida. Yana tsaye shi kaɗai, dogo, cikin farar riga da ta sha wanki. Sai ya ce, "A taimaka mini da ruwa." In an kawo, ya tsuguna ya shanye tas, ya dubi maigidan ido cikin ido ya ce, "Na sha ruwan gidan nan." Ya kife moɗar a ƙasa ya tafi. Shi ke nan. Kullum gidaje kaɗan, kuma ba ya komawa inda ya riga ya sha. Muka sa masa suna Mai Ƙishi, amma ba ma faɗa da ƙarfi.

Kai mai karatu, kana iya cewa mene ne a ciki. To, a wurinmu ruwan baƙo ba abin wasa ba ne. Mace takan tace shi da alif, ta turara randar da kajiji, ta ware moɗa ta musamman. Wanda ya sha ruwanka ya shiga amanarka. Sannu a hankali mutanen da suka ci gishirin Baba suka fara sunkuyar da kai in sun gan shi. Wani dattijo ya ce masa, "Ka yi haƙuri, ya riga ya sha a gidana." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin rasuwa.

Kawu ya tara mutanensa a zaurenmu, ya ce maganin abin ai mai sauƙi ne, a daina ba shi. Wani tela, ɗan a-mutun Baba, ya sa matarsa ta ce randa ta ƙafe. Mai Ƙishi ya yi godiya ya juya. Washegari aka tarar randar ta tsage daga baki har gindi. Na sani, randa takan tsage da bazara, na sha gani. Amma ba wanda ya tuna da haka a makon nan. Ranar Juma'a kuma liman ya yi huɗuba a kan mai hana ɗan'uwansa ruwa, bai kama suna ba, amma kowa ya waiwayi sahun su Kawu.

Sai Kawu ya sake dabara. Ya sa maroƙa su yaɗa cewa mutumin nan ba shi kaɗai ba ne, mutanen ruwa ne suka riƙe shi tun yana yaro, su yake shayarwa. Zancen ya karɓu fiye da yadda Kawu ya so. Mata suka ce in haka ne, wa zai ja da shi alhali 'ya'yansu kullum suna bakin kogi? Da bakinmu muka ƙara masa kwarjini.

Dabara ta uku ita ce har yau nake jin kunyarta. Aka ce Baba ma ya fita shan ruwa. Ya fita da babbar riga da makaɗa a bayansa, mata suna guɗa suna kawo masa manyan kwanuka da gangan. Kafin la'asar cikinsa ya cika fam, aka gan shi ya tattare riga ya nufi bayan kachala da sauri. Garin ya yi mako yana dariya.

A cikin wannan fushin ne Baba ya yi rantsuwa a gaban jama'a. Ya ce in garin da aka binne cibiyarsa ya fifita mutumin da bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da zai yi ba, to shi zai kwashe iyalinsa ya koma Haɗeja, ba zai sake kwana a nan ba. Baba ba ya warware rantsuwa. Daga ranar nan, zaɓen ya daina zama na kujera, ya zama na gidanmu. Na ga mahaifiyata tana duban tukwanenta kamar mai lissafin waɗanda za su shiga mota.

Iya ba ta sa baki a siyasa. Ranar nan ta fito har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba in akwai maza. Ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wannan".

Ta ce, "Wannan, ni ba inda za ni. Akwai wanda na bari a bayan gari."

Sannan ta juya wajen Kawu.

"Ku kuna kai musu sabulu suna miƙo hannu. Shi ya zo ya tsuguna a ƙofarsu, su ne masu bayarwa. Ba tsoro ne kaɗai ba, daɗi suka ji. Ku daina zaginsa, ku daina kwaikwayonsa. Gida nawa ya rage bai sha ba?"

Kawu ya ce, "Namu ne kawai, Iya, har telan nan ya ba shi daga baya."

"To a gaya masa, ranar kasuwa, a gaban mutane, cewa gidan nan ma akwai randa."

Da sassafe ranar kasuwar na ga Iya ta shigo da ƙaramin tulu a ka, zaninta jiƙe har gwiwa, ƙafarta duk baƙin taɓo. Ban taɓa ganin ta ɗebo ruwa ba, akwai surukai da jikoki. Kuma taɓon nan ba na rijiya ba ne. Ba ta tace ruwan ba, ba ta turara shi ba. Ta ajiye tulun a inuwa ta zauna kusa da shi, ko kaza ba ta bari ta matso ba.

Ya zo bayan azahar. Ƙofar gidanmu ta cika, har da 'yan kasuwa na wasu ƙauyuka. Ya yi sallama, ya faɗi maganarsa ta kullum. Iya ta fito da kanta, ta tsiyaya ruwan a moɗa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya tsuguna ya karɓa.

Ta ce, "Sha, ɗan nan. Na gurbinku ne, kai da ƙanin wannan. Ban taɓa tambayarka ba, yau ma ba tambayarka nake yi ba. Sha kawai."

Ya dubi cikin moɗar. Ya daɗe yana dubawa, kamar akwai fuska a ciki wadda ba tasa ba. Ina tsaye kusa, na ji warin ruwan, sanyi da ruɓaɓɓen ganye. Moɗar ta karkata, ruwan yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Leɓensa ya motsa, na rantse suna ya kira, amma sautin bai fito ba. Sai ya ajiye moɗar a hankali, bai kife ta ba.

Ya ce, "Iya, yau ba na jin ƙishi."

Ya tashi, mutane suka dare masa hanya. Inda ruwan ya zuba a ƙofarmu, a tsakiyar zafin bazara, har magariba bai bushe ba, kowa yana kewaye wurin.

Kafin kasuwa ta watse labari ya kai ko'ina. Wasu suka ce yana da abin ɓoyewa, wasu suka ce ashe shi ma mutum ne mai tsoro kamar kowa. Ko wanne ne, abin da ya ɗaure mutane ya kwance. Bai sake neman ruwa a gidan kowa ba. Baba ya ci zaɓe da ƙyar, muka zauna a gidanmu, Kawu kuma ya shekara yana cewa dabararsa ce.

Ranar da aka faɗi sakamako gidanmu ya cika da kiɗa. Na nemi Iya na same ta a ɗaki, tulun nan a gabanta, da sauran ruwa a ciki. Na ce mata mun ci. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Shi ma yaro ne a lokacin. Na san ba shi ya tura ɗana ba."

Har ta rasu ba ta zubar da ruwan tulun ba, ya ƙafe da kansa.

Yanzu 'yan takara ta waya suke shigo mana gida, ba sallama, kuma ba mai tsugunawa a ƙofar kowa. Randa ma ta yi wuya. In baƙo ya nemi ruwa a gidana, na leda nake miƙa masa, a rufe, wanda ban san daga inda aka ɗebo shi ba, ya sha ya jefar, babu abin da ya shiga tsakaninmu. Gaskiya hakan ya fi mini kwanciyar hankali, kuma ina jin kunyar cewa ya fi.

Jiya dai na daure na sha ruwan tsohuwar nan, mai sanyi, mai daɗi. Sai da na fito waje na tuna cewa kafin in kai moɗar baki, na leƙa cikinta.