Tsohon Fasfon Raki

Raki Ashafa ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa ni na ɗauki nauyin yin surutun mu biyu. Mutuniyar Gusau ce, tana aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Birmingham, muna haya a layi ɗaya a Handsworth. Ta zo a 2009 da bizar aiki ta shekara uku, an manna mata ita a cikin fasfo. Mace ce mai tsari har abin ya ba ka haushi, ko tikitin bas sai ta ninke ta adana.

Amma da ta je gida hutu ta sabunta fasfo, mahaifiyarta Inno ta ce a bar mata tsohon, saboda hoton. Raki ta dawo Birmingham da su biyun saboda bizar tana cikin tsohon, daga baya ta aika wa tsohuwa da shi a hannun wata mai tafiya. Ni ma da haka zan yi. Wa zai hana uwa hoto?

Sai 2012 ta zo, lokacin ƙara wa'adi. Shekarar ce ake ta rufe abubuwa. Ƙaramin ofishin unguwarmu da ke taya baƙi cike takardu an garƙame shi, a asibitinsu kuma in wani ya tafi ba a ɗaukar madadinsa. Ita kaɗai ta zauna da fam ɗin, ta ga ana neman fasfon da bizar take ciki. Saura kwana goma sha tara. In suka cika ba ta miƙa ba, aiki da zama duk sun tafi.

Ta kira yayanta Ɗanjuma a gida, ta ce a nemo mata tsohon fasfon. Ya ce Inno ta duba ba ta gani ba. Washegari ma haka. Aka zazzage adaka, aka ɗaga katifa, aka tambayi jikoki. Ina kallon Raki tana ramewa, kuma ba ta fasa zuwa aiki ba ko sau ɗaya. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin gidan da zai haɗiye fasfo sukutum.

Rana ta tara Ɗanjuma ya bugo ya ce an gani. Ba mu yarda da gidan waya ba, mu da muka saba da saƙon hannu. Aka yi cigiya a masallaci har aka samu wani Malam Nuru, mai bincike a jami'a, zai taso daga gida zuwa Manchester. Muka hau mota muka same shi a Oxford Road, a bakin tashar bas, yana rawar sanyi. Ya miƙo ƙunshi a ɗankwali, yana ƙamshin turaren wuta. Saura kwana huɗu ta aika da takardun.

Bayan watanni amsa ta zo: an ƙara mata shekara uku. Ina falonta ta kira gida, ta saki muryar wayar don in ji.

"Inno, an yi mini extension. Shekara uku. Allah ya sa aka gan shi."



"Rakiya, bai ɓata ba," in ji Inno. "Yana cikin jakar carbina. Ɗanjuma ya faɗa mini in babu shi gida za ki dawo. Kwana tara ina zaune a kansa."

Raki ta dafa kujera ta zauna a hankali.

"To me ya sa kika fito da shi, Inno?"

"Na ji muryarki ranar nan kina gaishe ni, kina cewa kada in damu. Ni na ɓoye miki abu, ke kike lallashina." Ta ja numfashi. "Ki yi aikinki, 'yar nan. Shekara ukun, ni zan yi ƙoƙari in kai."