Fil ɗin da na haɗiye

Inna ta ƙwala min kira daga tsakar gida, na ce na'am kafin in tuna da abin da ke bakina. Na kai yatsa leɓena, babu fil. Na duba tabarma, na kakkaɓe zanena. Da na haɗiyi yawu sai na ji wani abu ya karce ni a ƙasan maƙogwaro, ya wuce.

Lokacin ina zaune gida a Kurfi, na gama sakandare, zancen ci gaba da karatu shiru. Yayata tana jami'a a Dutsin-Ma, aka ce su kawo akwatin busassun ƙwari, ita kuwa ko fara ba ta iya taɓawa. Ni na karɓi aikin. Nakan tsinko ganyen tumfafiya mai ɗan ƙwai manne a ƙasansa in sa a kwalba. Ƙwan ya fashe, tsutsa mai ratsi-ratsi ta yi ta ci, daga nan ta rataye a murfi ta koma wani ɗan abu kore mai ɗigon zinariya kamar ɗan kunne. Ran da ɓawon ya tsage malam buɗe littafi ya fito, sai in jefa masa auduga mai fiya-fiya, maganin ƙwari, in baje fikafikansa a kwali in kafe da fil. Tsinin fil ɗin ma nakan tsoma shi a fiya-fiya saboda kiyashi. Riƙewa a baki kuwa a shagon ɗinki na koya.

"Mi kika haɗiye?" in ji Inna, da ta leƙo ta gan ni riƙe da maƙogwaro.

Na faɗa mata. Ta dafe ƙirji.

"Ban hana ki ba? Halittar Allah, ki raine ta da hannunki sannan ki tsire ta! Ga alhaki nan tun a duniya."

Ta ɗura min manja saboda gubar, ta bi da miyar kuɓewa wai ya zame. A asibitin garinmu suka ce sai an ɗauki hoton cikina, su kuma ba su da na'urar. La'asar ta wuce, ba mai bin hanyar Dutsin-Ma a wannan lokaci saboda rashin tsaro. Haka na kwana a zaune, ina tsoron in juya ya huda ni.

Da safe muka tafi ni da Inna. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ce shi ke nan. Likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ga fil ɗina kwance a karkace, har da ɗan kansa. Ya ce gubar ba ta kai ta yi min komai ba, tsinin ne abin tsoro. Ya ce in jira fil ɗin ya fita da kansa. In na ga jini ko ciki ya murɗa, sai Katsina, a yanka.

A ɗakin Yaya muka zauna. Ta so ta ba ni dariya.

"Ke ma in kin bushe sai in haɗa da ke, malaminmu ya ba ni maki."

Inna ta harare ta, ni kuma na fashe da kuka. Akwatin yana jingine da bango, duk suna jere, kowanne da ƙarfe a tsakiyar ƙirji. Na ce wa Yaya ta juya shi. Kullum Inna ke tona bayan gidana da tsinke, ta fito ta girgiza kai. Na daina cin abinci sosai. Na yafe wa kowa a zuciyata, na gaya wa Yaya ta ba ƙawata keken ɗinkin da nake koyo a kai.

Ranar da muka koma asibiti aka sake hoton, likita ya daɗe yana dubawa.

"Ya fita, 'yammata. Kin tsira."

Inna ta yi ta hamdala. Ni ban ji komai ba, har yau in na haɗiyi yawu nakan saurara. A bakin ƙofa ta ce an gama wannan shirme, ko kwalba kada ta ƙara gani a hannuna. Sai lokacin na tuna da waɗanda na bari rataye a kwalba ƙarƙashin gado, murfi a rufe. Kwanansu na fitowa ya wuce tuni.