Rawar Baffa Shahat a Tukunyar Tagulla

A unguwarmu ta garin Isna, duk wanda ya tashi da wayo ya san ƙugun Baffa Shahat kafin ya san fuskarsa. Sana'arsa shafe tukwanen tagulla da kuza, don tagulla in ta yi koriyar tsatsa, abincinta guba ne. Kuza kuwa ba ta kama tukunya mai datti. Sai ya zuba yashi, ya shiga tukunya ba takalmi, ya dafa bango, ya yi ta murza ƙugu har cikinta ya yi ja.

Da tukwanen alminiyam suka shigo gari, matarsa Nafusa ta sayo ƙatuwa, ta kuma kafa doka.

"Baban Fauziyya, rawar nan ta ƙare. Wa zai nemi 'yar mai karkaɗa ƙugu a bakin titi?"

Ya bi doka, ya koma zaman shan shayi kamar marayan zakara.

Ranar da Hajiya Sakina za ta zo nema wa ɗanta auren Fauziyya, Nafusa ta ɗauko sabuwar tukunyar don dafa agwagi. Ashe tun bara ta jiƙa lemun tsami da gishiri a ciki, yadda uwarta ke yi a tulun ƙasa. Gishiri ya cinye gindin. Ta ɗaga ta sama, ta hango rana ta ƙofofi kamar rariya.

Babu wata babba sai tsohuwar tagullar da suka gada, koriya shar.

"Maigida," ta ce a hankali, "tuɓe takalminka."

"Ni? Ai an hana ni."

"Don girman Allah, Shahat!"

Yana tsakiyar murzawa, riga a naɗe, gumi na zuba, sai ga baƙi sun yi sammako. Fauziyya ta ruga ɗaki da kuka. Hajiya Sakina ta tsaya ƙyam, mace ce da ko gaisuwa sai ta auna take bayarwa.

Baffa Shahat bai fito ba sai da ya gama. Ya ɗora tukunyar a wuta, ya watsa nashadir, wani farin gishiri da ba a ci, mai lashe sauran tsatsa. Farin hayaƙi ya turnuƙe gidan, baƙi suka yi ta tari. Ya jefa guntun kuza, ta narke, ya bi ta da auduga. Jan cikin nan ya koma fari fat.

Hajiya ta leƙa, ta ga fuskarta, har ta gyara mayafi.

"Kai ne mai wannan aiki, aka ɓoye mini? Tukwanen aurena na can ƙarƙashin gado, sun yi kore kamar gonar rake! Na nemi irinka har birnin Luksor."

Kafin agwagi su nuna an karanta Fatiha.

Washegari jaki ya kawo tukwanen Hajiya. Nafusa da kanta ta share bakin titi, ta zuba wa Baffa Shahat yashi.

"Murza da kyau," ta ce, "surukai na kallo."