Ticha Issaka da ragon Alhaji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan koko aka kira ni daga Maamobi, wai Ticha Issaka ya rasu.

Ga kokon nan har yanzu, ya huce.

Shi ya koya mana kimiyya a wata 'yar makaranta a Nima, shekarun tamanin. Shan inna ya taɓa masa ƙafar dama tun yana yaro, sai yake tafiya a karkace. Unguwa ta laƙaba masa Kaguwa. Ba yara kaɗai ba, har masu furfura.

Mutum bai iya gudu ba, amma ba abin da yake so kamar kallon tafiyar dabba. Yakan tsayar da mu bakin gwata mu kalli agwagwa tana rangaji. Ya ce tafiya faɗuwa ce, jiki ya yi gaba, ƙafa ta yi maza ta tare shi. Ranar da na zo da yunwa ya raba wakyensa na shinkafa da wake biyu, ya ce in ci ina kallon tsaka a bango, in gaya masa dalilin da take lanƙwasa jiki.

Sai wata Sallar layya. Alhajin da ya gina makarantar ya sayo ƙaton rago, ana zagaya layi da shi, jama'a na yabo. Ticha ya ja Alhaji gefe, ya ce masa a hankali ragon nan yana ɗingishi. Duk sanda ƙafarsa ta gaba ta hagu ta taɓa ƙasa sai ya ɗaga kai, yana mai da nauyinsa baya don ya rage mata zafi. Ya ce a tambayi liman tun da sauran lokaci, kada layya ta ɓaci.

Alhaji bai rage murya ba. "Jama'a ku ji Kaguwa! Da kai rago ne, ko kyauta ba mai yanka ka."

Layi ya kwashe da dariya. Wani ƙato ya bi bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa har ƙofar gida.

Aka yanka rago, aka ci. Ko layyar ta karɓu, wannan na Allah ne.

Da aka dawo hutu sai muka tarar da sabon malami. Alhaji ya sa an sallami namu. Ticha ya koma sayar da tikiti a tashar mota, yana wuni a tsaye kan ƙafar nan ɗaya. Abin yana ci mini rai har yau, wallahi.

Azumin da ya wuce na je gaishe shi. Idonsa ya tafi, amma tun ina tsakar gida, daga jin takuna, ya ce, "Hajara, ba kya daɗewa kan ƙafar hagu. Je ki nuna gwiwar nan a asibiti."

Ko 'ya'yana ban faɗa wa tana ciwo ba.

Yau a waya ina ta ganin masu rubuta "Kaguwa ya tafi" da hoton hawaye. Na gane wasunku, kuna layin ranar, baki har kunne. Sunansa Issaka. Ko na yau kaɗai ku kira shi da sunan da uwarsa ta sani.

Allah ya gafarta maka, Ticha, ya haskaka kabarinka, ya sa ka ƙetare siraɗi da gudu irin na doki, gudun da ba ka taɓa yi ba a duniya.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Da sunansa.